Azurfar da Ta Daina Baƙi

Tun ranar da na dawo daga ƙasar Faransi, ta nan ƙetaren iyakarmu, ban samu na ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo rumfata a bakin kasuwa sai ya zauna kan benci ya ce, "Garba, ba mu labari." Na ba Liman, na ba mai nama, na ba wani mutumin Salka da ya kawo wando gyara, har keken ɗinkin nawa ya haddace. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda. Halina kun san shi, in na ga ɓera uku sai in ce garke na gani. To, abin da ya shafi hanya ku rage yadda kuka saba ragewa. Amma daga inda na shiga ɗakin tsofaffin kuɗi ban ƙara komai ba, don abin bai bar mini wurin ƙari ba.

Goggo Hassi ce ta aike ni. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye. Mijinta, marigayi Baba Maƙeri, maƙerin fari ne, ni na yi masa zuga shekara takwas kafin in gudu in koyi ɗinki. Goggo tana da liyari guda ɗaya, tsohon kuɗin azurfan nan mai hoton ƙatuwar mace a gaba da tsuntsu mai kai biyu a baya. Gadonsa ta yi daga kakarta, wadda ta zo da shi a wuya tun ana saran dajin da ya zama Kontagora. Da yake aikin Baba shi ne narka liyarin mutane yana yi musu munduwa, ya ji tsoron kada wata rana nata ya faɗa wuta cikin na jama'a. Sai ya ɗauki magagari ya yi masa tsaga uku a baki, irin ukun da ke kumatun Goggo. Ina ƙarami in na yi kuka, sai ta kwance shi daga wuya ta sake shi kan dutsen niƙa, ya yi ta ƙara siririya har in manta abin da ya sa ni kukan.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai wani Baturen Faransa ya biyo ta garin nan yana tattara kayan da, don wani gidan tarihi da ya kafa a ƙetaren iyaka. Kwana biyu ya yi a maƙera yana yabon hannun Baba. Yabon ya shiga Baba, ya ba shi aron liyarin Goggo bai ko shawarce ta ba. Damina uku aka ce, aka bar mana takarda mai hatimi da Faransanci, wadda duk unguwarmu babu mai iya karanta ta. Damina uku ta zama goma sha uku. Baba ya rasu yana cewa baɗi zai je ya karɓo. Idanun Goggo suka tafi. Ban taɓa jin ta yi masa gorin abin ba, yana raye ko bayan ransa.

Sai ga canjin kuɗi, aka ce fam da sule sun kau, naira ta zo. Goggo ta ji a rediyon maƙwabta cewa duk tsohon kuɗin da ba a kawo ba kafin wa'adi ya mutu. Ta sa aka kira ni. Na zauna na yi mata bayani tun hantsi har azahar, cewa liyari ba ya cikin wannan doka, shi ya daɗe da barin kasuwa, Gwamnati ba ta ma san da shi ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Garbati, ba canja shi zan yi ba. So nake in ji kukansa sau ɗaya tun kunnena bai bi idona ba." Ta ciro takardar daga ƙarƙashin tabarma ta ɗora mini a gwiwa. Na tashi na je na rufe rumfa.

Gingimari na hau mai zuwa Yelwa, a kan buhunan dawa, tsakanin wani Bakambare mai ɗauke da fatanya da wata mata mai kwandon zabi. Direbanmu ya gaya mana tun a tasha cewa shi ya karɓi sabuwar dokar bin hannun dama da zuciya ɗaya, motar ce ba ta karɓa ba tukuna. Gaskiya ya faɗa. Duk kwanar da muka sha sai ta koma hagu kamar akuyar da ta tuna tsohon gidansu, mu kuwa a sama muna salati, zabi na amsawa. A Yelwa na ci kifin da ya kusa kai tsawon tabarmar salla. Gaba da Koko taya ta fashe, muka wuni a gindin kuka, matar nan ta raba mana dafaffen rogo ba ta karɓi ko godiya ba. A Jega na sauka zauren wani fatoma, inda na tarar da tsofaffin kuɗin da canji bai shafa ba, wato kuɗin cizo. Su kam suna nan da darajarsu, sun karɓi rabonsu a jikina cif.

Kwana uku na kai Kamba, bakin iyaka. Namu ma'aikatan suka tambaye ni fataucin me nake yi, na ce aron goggota zan karɓo, suka yi dariya suka buga mini hatimi. Can ɗaya ɓangaren kuwa jandarma ne da gajeren wando da hula mai baki. Ya duba katin allurata, ya karɓi takardar Goggo. Shi ne mutum na farko cikin shekara goma sha uku da ya karanta ta. Yana kaiwa kan hatimin sai ya ƙame ya sara. Na ɗauka ni yake sara wa, na miƙe ƙirji na amsa, ashe hatimin yake girmamawa. Ya ce mini lallai aro aka rubuta, ba kyauta ba, kuma duk wanda ya zo da takardar a ba shi. Daɗi ya sa na ba shi goro biyu, ya karɓi ɗaya ya maido ɗaya.

Daga Gaya raha ta fara barina. Farin rashin ruwan sama da muke ji a baki, can ido ke ganinsa. Bakin hanya duk Buzaye ne da Fulanin da suka gangaro daga arewa, ba raƙumi, ba saniya, sun kafa ƙyallaye a kan itace suna zaune a inuwarsu. Ni da na tashi a maƙera, abin da idona ya fara kamawa shi ne wuyan matansu da hannuwansu. Babu komai a kai, sai farin zobe a fata inda munduwa ta zauna shekara da shekaru.

Garin da gidan tarihin yake ba zan ambaci sunansa ba, saboda wani dattijo da za ku ji labarinsa. Na sauka gidan wani Bakabe mai sayar da goro. Da safe aka kawo mini burodi dogo kamar taɓarya, mai taurin da in ka rafka wa ɓarawo shi sai an kai ka gaban alƙali, da gahawa a kwano kamar kunu. Hausarsu kuwa sai ka kasa kunne. Mai masaukina ya ce in na je in nemi gardi. Na tafi ina waige-waigen mutum mai wasa da maciji, ashe mai gadi suke nufi. Wata al'adarsu kuma, rana na kaiwa tsaka gari ya mutu. Ofis, kanti, gidan waya, duk a rufe sai kusan la'asar. Mu nan ko Sarkin Kasuwa bai isa ya kwanta a wannan lokaci ba.

Gidan tarihin ginin ƙasa ne mai rufin kwano, ɗaki shida a jere. Gardin sunansa Baba Zakari, tsohon sojan Faransa, dogo, da lambobi uku a ƙirjin rigar da ta sha faci, yana jan ƙafa ɗaya. Makaminsa sanda. Shi kaɗai ne ga ɗakunan nan shida, shi ke shara, shi ke zagayawa da baƙi, in rana ta yi tsaka ya ja ƙofa ya tafi gida cin abinci kamar kowa. Ya ce Baturen ya daɗe da komawa ƙasarsu, shugaban wurin yanzu Mushe Abdu ne (Mushe a can kamar Malam ne a nan), sai bayan la'asar zai fito, amma in zo ya nuna mini kafin nan. Muna tafe ina zuba masa labarin zabi da kuɗin cizo, yana dariya yana dafa bango. Na lura tagar bayan ɗakin kuɗin asabari ne kawai ya rufe ta. Kwaɗon da ke jikin akwatin gilashin irin na rumfata ne sak, wanda mabuɗi ɗaya ke buɗe goma a kasuwa. Mabuɗin kuma yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ƙarƙashin kalanda. Na gani, ban ɗauke shi a bakin komai ba, don idona ya riga ya faɗa cikin akwatin.

Ga kuɗin wuri a zube a gefe. Ga wasu ƙananan dinari masu rubutun Larabci, kamar farcen babban yatsa, waɗanda ya ce a wani kufai can arewa aka tono su, sun girmi kakannin kakanninmu. Ga liyari a jere kan jan ƙyalle. Na uku daga dama, da tsaga uku a baki, na Goggo. Yana ƙyalli kamar yau aka buga shi. Wallahi sai da na share ido da hannun riga. Na yaba wa Baba Zakari irin riƙon da ya yi musu.

Ya gyara tsayuwa, ya ce, "Ai da can sun wahal da ni, baƙo. Kowace damina su yi baƙi, in hiddo su ɗaya-ɗaya in goge da toka da lemun tsami. Amma yau shekara biyu ke nan Allah ya sawwaƙe mini, sun bar yin baƙi. Ko ƙyalle ban ƙara sa musu ba."

Shekara takwas na yi ina zuga, abu ɗaya da ban manta ba shi ne azurfa ba ta barin baƙi. Ko a cikin tukunya ka rufe ta, damina ɗaya za ta dushe. Ƙarfen da ke zama fari fat shekara biyu babu guga, sanholo ne, irin wanda ake zuba tukwane da ludayi da shi a turɓaya. Na sake duban liyarin. Fuskar matar ta ɗan yi laushi, gashinta ya haɗe, kamar an zana ta a kan tuwo.

Mushe Abdu ya zo bayan la'asar, saurayi mai tabarau da ladabi. Ya karanta takarda, ya buɗe wani babban littafi ya samu sunan Baba Maƙeri, ya ba ni haƙurin jinkirin shekara goma. Da hannunsa ya ɗauko mabuɗi daga ƙusa, ya buɗe akwati, ya ɗora mini liyarin a tafi. Murfin kwalba ya fi shi nauyi. Nan na tsaya ina shawara da zuciyata. In na yi godiya na fita, babu wanda zai sani a garin nan, dattijo ya ci gaba da gadinsa har ya mutu da mutuncinsa. In na buɗe baki, shi za a fara kamawa. Ga shi kuma ko na yi shiru ko na yi magana, abin da aka aiko ni ɗauka ba ya nan.

Baba Zakari ya dube ni ya ce, "Baƙo, tun sahe bakinka bai huta ba. Yanzu an ba ka abinka ka yi shiru. Mi ka gani?"

Na ce babu komai, gajiya ce. Bai yarda ba. Ya miƙo hannu ya ɗauki liyarin daga tafina, ya jinjina shi, na ga fuskarsa ta sauya, don hannun da ya goge shi shekara goma sha ɗaya bai manta nauyinsa ba. Ya sake shi kan siminti. Liyarin ya ce ƙas, ya kwanta. Ya ɗauko na kusa da shi ya saki. Ƙas. Ya bi su duka, Mushe Abdu na tsaye bai hana shi ba. Dinarin kuwa da muka goga ɗaya a dutsen bakin ƙofa, tagulla ce aka wanke da ruwan zinariya. Duk akwatin nan wuri ne kaɗai na gaskiya.

Dattijon ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, ya jingina sandarsa da bango. Can ya ba mu labarin wani mutum mai kyawun tufafi da ya yi ta zuwa kusan wata guda, shekara biyu da suka wuce, ya ce shi ɗalibin tarihi ne. Kullum ya kawo masa goro, su yi azahar tare, ya ce masa ya tafi ya ci abinci, shi zai zauna a inuwar baranda ya yi rubutu har ya dawo. Ko shi ne, ko wani ne ya ɗaga asabari, Allah ya sani. Amma duk wanda ya yi, ɗaya-ɗaya ya riƙa ɗauka, ya danna a turɓaya ya zuba irinsa, gobe ya maido. Mushe Abdu ya cire tabarau ya ce sau huɗu yana rubutawa a ba shi ƙarafan taga da gardi na biyu, amsa ɗaya ake ba shi, babu hali bana. Ya ce a bari zuwa safe ya yi tunanin yadda zai shigar da maganar. Baba Zakari ya ce a'a, shi soja ne, abin da ya ɓace a hannunsa shi zai kai rahotonsa. Ya miƙe ya gyara lambobinsa ya tafi ofishin jandarma da ƙafarsa.

Kwana uku na ƙara a garin ina ba da shaida. Na yi wa kumandan bayanin baƙin azurfa ta bakin tafinta, na rantse cewa ɓarawo ba zai yi alfahari da hasken abin da ya musanya ba, balle ya jefa shi a siminti gaban shugabansa. Kwana biyu suka riƙe shi suka sake shi, amma aikin ya tafi. Ranar da zan taso na leƙa ɗakin. An sa wa akwatin manyan kwaɗuna biyu sababbi, an kafa ƙarafa a taga, wani ƙato da bindiga yana gadin wuri. Mushe Abdu ya ba ni na sanholon mai tsaga uku, ya ce a littafi dai shi ne namu. Baba Zakari ya biyo ni tasha da ƙunshin kayansa, zai koma ƙauyensu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ce wa tsohuwa ta yahe mini. Shekara biyu ina gadin tukunya ban sani ba."

A kasuwar Gaya na tarar da dillalai sun baza tabarmi, azurfar matan nan na bakin hanya a tsibe kamar gyaɗa. Na zaɓi liyari guda na gaskiya, na sake shi kan dutse, ya yi kuka har na ji a haƙorana. Na saya, na sayi ƙaramin magagari. Dabarata a fili take: tsaga uku, in kai wa Goggo, magana ta ƙare. Ni da nake mai da ɓera garke, wannan ai ba wani aiki ba ne. A Yelwa, muna jiran mota, na zauna bakin kogi na ɗora magagari a bakin liyarin. Sai na ga hujin da ke samansa ya zama dogo, zare ya cinye shi saboda daɗewa a wuyan wata. Na daɗe ina kallon hujin nan. Na mai da magagari aljihu.

Da hantsi na shiga gida. Goggo na zaune a ƙofar ɗakinta, ta gane takuna tun daga zaure. Bayan gaisuwa na ɗora mata na Gaya a tafi. Ta sa aka matso mata da dutsen niƙa, ta laluba, ta sake shi. Ya yi kuka siriri mai tsawo, ta karkata kai ta bi shi har ya ƙare.

Ta ce, "Azurfa ce." Ta ɗauke shi, ta zagaya bakinsa da babban yatsa sau biyu. "Ina nawa?"

Na ciro na sanholon na ba ta, na faɗa mata komai tun daga asabari har tasha, yadda na rubuta muku nan. Ba ta sake shi kan dutse ba, ta san abin da zai ce. Yatsanta ya tafi kai tsaye kan tsagar, ya tsaya. Ɓarawon da ya danna liyarinta a turɓaya ya kwafo har aikin magagarin Baba.

Ta ce, "Ga hannunsa nan. Ka ji ta ukun ta karkace? Ni na yi masa magana yana cikin yi, ya juyo."

Ta tambaye ni ko dattijon yana da mai duba shi a ƙauye, na ce ban sani ba. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ai shi ma satar shi aka yi. Na Gaya ta miƙo mini, ta ce wuyan wata ne, in ajiye shi da kyau, kada in narka, kada in yi masa tsaga. Ban gaya mata zancen magagari ba, ban kuma san yadda ta sani ba. Na sanholon ta sa na buɗe mata hujinsa da zubi ya toshe, ta zura zare ta rataya.

Yanzu damina ta yi nisa. Duk Juma'a in na je gaishe ta bayan masallaci, sai ta jawo zaren daga cikin zane ta ɗaga shi wajen da take jin muryata, ta ce, "Garbati, duba mini. Ya yi baƙi?"

Ni kuma in ce, "Bai yi ba, Goggo."